Sabunta Injin Babur: Darasi a Kan Fistin da Zobbansa

Duk wanda ya zauna a makarantar nan ya san tsohon jan babur ɗin da yake kwana a bayan ofishin shugaba. Shi ne mai zuwa gari ɗauko wasiƙu, shi ne mai kawo magani domin ɗakin jinya, in kuwa zazzaɓi ya tsananta wa ɗalibi da tsakar dare, a bayansa ake goya shi zuwa asibiti.

A farkon zango na biyu ya fara barin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a bayansa. Masinja ya ce kusan kowane mako sai ya ƙara masa baƙin mai, kuma tudun hanyar kasuwa da dā yakan haye a giya ta uku, yanzu sai a ta biyu, da ƙyar. Wata safiya ta hunturu ya ƙi tashi sam, sai da yara huɗu suka tura shi. Kuɗin sabon babur babu su a asusun makaranta, ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, injin da yake ɓarnar mai ya zama kaya mai nauyi ga kowa. Saboda haka mu malaman sashen fasaha muka roƙi shugaba ya bar mana shi mu gyara tare da ɗalibai. Wani bakanike, mahaifin ɗaya daga cikin 'yan aji biyar, ya yarda zai ba mu Asabar biyu kyauta. Abin da muka yi, da dalilin kowane mataki, shi muka rubuta a nan domin waɗanda ba su sami wurin tsayawa a ɗakin aikin ba, da kuma iyayenmu masu babur a gida.

Abin da yake faruwa a cikin inji

Injin babur ɗinmu samfurin Honda CG125 ne, wanda aka fara fitarwa a 1975. Labarinsa yana da amfani a gare mu. A 1974 kamfanin ya aiki ma'aikatansa su zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda talakawa suke amfani da babur. Suka tarar ana loda masa mutane da kaya fiye da kima, ba a kuwa canja masa baƙin mai sai ya lalace. Sai suka ƙera inji mai sauƙi wanda zai jure wa irin wannan riƙo. Yawancin baburan ƙasar Sin masu lamba 125 ko 150 da suka cika kasuwanninmu sun kwaikwayi wannan injin ne, don haka wanda ya koyi buɗe shi ya koyi buɗe da yawa.

Inji ne mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto, mutumin Jamus, ya kammala a 1876. Fistin yana sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur ta bawul na shiga. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, haɗin ya ƙone ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi ta bawul na fita. Cikin huɗun nan ɗaya kaɗai ne yake ba da ƙarfi, sauran ukun shiri ne da shara.

'Yan ajin lissafi su ɗauko biro. Faɗin ramin silinda milimita 56.5 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kuwa milimita 49.5. Ku mai da su santimita, ku nemi faɗin filin da'irar, ku ninka da tsawon tafiyar. Za ku sami 124 da ɗan ɗigo. Wannan ita ce 125 ɗin da aka rubuta a jikin babur, an cike ta ne kawai. In inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, fistin yana hawa da sauka sau 100 a daƙiƙa ɗaya, wuta tana tashi a kansa sau 50. Ku riƙe wannan a zuciya, gama shi ne zai sa ku gane abin da ya sa ƙwayar yashi ɗaya ba ƙaramin abu ba ce a cikin inji.

Fistin da gangan ake yinsa ya ɗan kasa ramin faɗi. Da sanholo ake yinsa, watau alminiyam, bangon silinda kuwa baƙin ƙarfe ne, kuma in zafi ya kama su, sanholo yakan buɗe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Da an yi fistin cif da rami, da yana yin zafi zai cije. Amma 'yar tazarar da aka bari ma hanya ce da iskar da aka matse za ta sulale. Zobba ne suke toshe ta. Makanikai suna ce musu ringi. Wani injiniyan jirgin ƙasa a Ingila mai suna John Ramsbottom ne ya ƙirƙiro irin wannan zobe na ƙarfe mai tsaga a shekarun 1850, domin injin tururi, har yau kuwa siffarsa ba ta canja sosai ba.

Zobba uku ne a fistin ɗinmu. Na sama yana tare matsi. Na biyu yana taya shi, yana kuma kankare mai zuwa ƙasa. Na uku shi ne zoben mai, guda uku ne a haɗe: siraran ƙarafa biyu da wani mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakaninsu yana tura su jikin bango. Akwai wani aiki nasu da mutane suke mantawa. Kan fistin yana shan wuta kullum, babbar hanyar da zafin yake bi ya fita kuwa ita ce ta zobba zuwa bangon silinda, daga nan zuwa fikafikan waje da iska take hurawa. Zobe ya gaji, matsi ya gudu, mai ya hau sama ya ƙone, fistin kuma ya yi ta gasuwa.

Kada a buɗe inji kafin a tambaye shi

Ɗalibai sun zo da sifana a hannu suna ɗokin kwancewa. Bakaniken ya ce su ajiye tukuna. Ba kowane hayaƙi ne laifin zobe ba. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, a duba kafireta da matatar iska. Ɗan farin tururi da sassafe, wanda yake ɓacewa in inji ya yi ɗumi, raɓa ce a cikin salansa, ba ciwo ba ne. Shuɗi shi ne baƙin mai yana ƙonewa. Shi ma kashi biyu ne: in sai lokacin tayarwa kaɗai yake fitowa sannan ya ɗauke, sau da yawa robar wuyan bawul ce ta bushe; in kuwa yana ƙaruwa duk sa'ad da aka murɗa totur, zobba ne abin zargi. Mu lura kuma, babur mai bugu biyu irin su Suzuki AX100 da kwafinsa na Jincheng yana ƙona mai tare da fetur bisa ga ƙirarsa, ɗan hayaƙinsa halinsa ne.

Namu ya nuna alamun duka. Kik ya yi laushi, har ƙaramin yaro zai iya danna shi da hannu. Fulogi ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Bututun numfashin inji yana huci kamar tukunyar tuwo. Sai aka ɗaura ma'aunin matsi a ramin fulogi, aka buɗe totur gaba ɗaya, aka buga kik sau da yawa, muka rubuta abin da allura ta nuna. Bakaniken ya zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin, aka sake gwadawa. Allura ta haura sosai. Wata ɗaliba ce ta fara gano dalili: man ya toshe giɓin zobba na ɗan lokaci. Da bawul ne yake yoyo, da mai bai canja kome ba. Gwaji ne mai araha, yana kuwa hana mutum kashe kuɗi a inda ba ciwo.

Da muka buɗe akwatin matatar iska muka ga mafarin abin. Soson ya ruɓe ya yage, ƙurar hunturu tana wucewa kai tsaye. Ƙura da mai in sun haɗu sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa. Akwai masu cire soson nan da gangan wai don babur ya ƙara gudu. A ganinmu wannan sayar da inji ne a kan kuɗin soso.

Kwancewa

Ba sai an sauke injin daga jikin babur ba. Muka wanke shi tas, muka bar shi ya huce sarai, muka tsiyaye tsohon mai a gwangwani. Aka cire kujera, tanki, salansa, kafireta, da ƙarfen da ya riƙe kan inji da firam. Muka shimfiɗa buhu mai tsabta, muka jera kwalin ƙwai domin ƙananan notuna, kowane rami da takardar sunansa. Wanda ya zuba su duka a kwano ɗaya zai gane kurensa ranar haɗawa.

Ta ramin dubawa da ke murfin hagu aka juya inji har harafin T ya daidaita da alamar jikin murfin, watau fistin yana can ƙololuwa. Aka cire murfin sama, da roka, da sandunan nan biyu masu tura su, muka yi wa kowace alama don ta koma wurinta. A nan samfurin CG yana da sauƙi, gama haƙoran giya ne suke juya kam ɗinsa a can ƙasa, babu sarƙar tayimin da za a kwance. Masu Bajaj Boxer da ƙananan Honda irin C70 da C90 suna da wannan sarƙa, tilas su kula da alamominta.

Notunan kan silinda ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a koma na gaba. Kaɗan-kaɗan ake sassauta su, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kusurwa, don kada kan ya karkace. Akwai kuma ƙananan ƙusoshi a gefen hagu, a nemo su duka kafin a ja. In ya manne, a bubbuga da tafin hannu ko guduma ta roba. Kada a cusa sukuddireba tsakanin fikafikai, suna karyewa kamar kasko.

Sa'ad da silinda ta ɗago kaɗan, kafin fistin ya fito, sai a cusa tsumma mai tsabta a bakin akwatin inji. Wannan tsumma ba ado ba ne. Gutsuren zobe ko ɗan kilif ɗin da yake tare fin ɗin fistin, in ya faɗa ciki, aikin yini ɗaya ya zama na raba inji biyu. Aka zare kilif ɗaya, aka tura fin da yatsa, fistin ya fito. Zobensa na sama ya sirance har bakinsa yana iya yanka yatsa, zoben mai kuwa ya daskare cikin baƙin gawayi, ko motsi ba ya yi.

Awo, inda ake yanke shawara

A nan ne muka fi daɗewa, a nan ne kuma yawancin gyaran bakin titi yake faɗuwa. Mutum ya sa sabon ringi a tsohon rami ba tare da awo ba, babur ya yi wata biyu lafiya, hayaƙi ya dawo, sai a ce kayan ne jabu. Wani lokaci kayan ne. Sau da yawa ramin ne.

Silinda ba ta cinyewa daidai ko'ina. Ta fi cinyewa a sama, inda zafi da matsi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Ta fi cinyewa gaba da baya fiye da gefe da gefe, domin ta nan fistin yake jingina sa'ad da yake tura sandarsa. Ramin da aka haifa da'ira sai ya koma kamar ƙwai, mai faɗi a sama. Zobe kuwa da'ira ne, ba zai iya rufe ƙwai ba. Kowane ɗalibi ya sa farce a bakin ramin ta ciki, ya ji wani ɗan tudu a inda zoben sama yake tsayawa. Tudun nan shi ne asalin faɗin ramin, abin da ke ƙasa da shi ya tafi.

Masu injin bora suna da ma'auni na musamman, suna aunawa a sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. A wannan inji, in rami ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau ya kai 56.60, ya wuce iyaka. Kaurin takardar littafin rubutu ke nan, ba fiye ba. Mu ba mu da wannan ma'auni, amma bakaniken ya nuna mana dabara. Ya sa zobe ɗaya a can ƙasan rami inda bai cinye ba, ya daidaita shi da gindin fistin don ya zauna sosai, ya auna tsagarsa da fila geji, watau ma'aunin nan mai siraran ganyayen ƙarfe. Ya matsar da zoben nan zuwa sama, dab da ƙarƙashin tudun, ya sake aunawa. Tsagar ta buɗe da fiye da milimita 0.4.

Sai ya tambaya, nawa ke nan ramin ya ƙaru? Shi da ido da gwaninta ya sani, amma yana so ya ji ko makaranta tana koyar da wani abu. Ɗaliban suka yi shiru, sai wani ya ce, "Malam, ba kewayen da'ira ba ne?" Shi ne. Kewaye shi ne faɗi sau 3.14, saboda haka a raba bambancin tsagar da 3.14. Aka sami kusan 0.13. Ya wuce iyaka. Ba mu taɓa ganin 'yan aji huɗu sun yi murna da lambar 3.14 kamar ranar ba.

Hanya biyu ta rage. Ko a sayi sabuwar silinda haɗe da fistin da zobba, kamar yadda ake sayar da su a kwali ɗaya yanzu, ko a kai tsohuwar a yi mata bora a sa fistin mai ƙarin faɗi. Ana samun ƙarin a matakai huɗu: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00 na milimita. A wasu kwalaye za ku ga 010, 020, 030, 040, awon inci ke nan na matakan nan. Mun zaɓi bora, domin silindarmu ta asali ce, ƙarfenta mai kyau, ba a taɓa taɓa ta ba, kuma araha ba ta ado. Ba a tsallake zuwa babban mataki don neman ƙarfi. Ko an kai 1.00, lissafinmu na ɗazu zai ba da 128 da rabi ne kawai, an kuwa cinye dukan damar gyaran gaba. Ƙaramin matakin da zai share lalacewar shi ake ɗauka. Mai bora ya duba wani zane mai zurfi a bangon ya ce 0.25 ba zai share shi ba, aka tsaya a 0.50.

Doka ɗaya a nan: a sayi fistin tukuna, a kai shi tare da silinda. Mai bora yana yanka ramin ne bisa ga fistin ɗin da ke hannunsa. Bayan ya yanka yakan goge bangon da dutse ya bar siraran zane masu gicciye juna. Kada wani ya ga zanen ya ce aiki bai yi kyau ba. Su ne suke riƙe mai, su ne kuma suke wasa sababbin zobba har su zauna.

Kafin mu tashi ranar, muka duba sandar fistin. Aka kama ta aka ja sama aka danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, amma sama da ƙasa bai kamata a ji kome ba. Da an ji, da sai an raba inji an gyara kiranshaf, wannan kuwa wani darasi ne dabam. Tamu lafiya take. Kan silinda ma aka kankare gawayinsa, aka zuba kananzir ta hanyar shiga da ta fita don a ga ko zai ɗiga ta bakin bawul. Na fita ya ɗan jiƙe, aka wasa shi da man wasa bawul har ya daina, aka sa sabuwar roba.

Haɗawa

Silinda ta dawo daga gari tana ƙyalli, wani ɗalibi ya ɗauko fetur zai ɗauraye ta. Fetur ba ya fitar da garin dutsen da ya maƙale a cikin zanen. Ruwan zafi da sabulu da buroshi ake sa mata, a yi ta wankewa har farin ƙyalle ya shiga ya fito fari. Sannan a shanya ta nan da nan a shafa mai, gama tsatsa ba ta jira.

Ko zobba sababbi ne daga kwali, sai an auna tsagarsu a cikin ramin, ɗaya-ɗaya. A wannan inji, tsagar na sama da na biyu tana tsakanin milimita 0.15 da 0.35. In ta yi faɗi, matsi zai gudu. In ta yi ƙunci, abin ya fi muni: zobe zai yi zafi ya miƙe, bakunansa su haɗu, ya rasa wurin zuwa, ya kankare bango ko ya karye. Wanda ya yi ƙunci akan ɗan goge bakinsa da lallausan fayil, kaɗan, a sake aunawa.

Yanzu mu faɗi abin kunyarmu. Zoben matsi baƙin ƙarfe ne mai gautsi, yana buɗewa kaɗan amma ba ya lanƙwasuwa. Mun gargaɗi ɗalibai a kan wannan har sau uku. Da aka zo sa na biyu, ƙararrawar abincin rana ta buga, sai mu da kanmu, ba ɗalibi ba, muka karɓa don a yi sauri. Muka buɗe shi fiye da kima. Ƙas! Ya rabu biyu. Ɗakin ya yi tsit. Bakaniken ya dube mu ya ce, "Malam, sauri ya haifi nawa." Ba a sayar da zobe ɗaya, sai saiti, kuma mai kayan gyara a garinmu ba shi da wani na 0.50. Asabar biyu suka zama uku, kuɗin saiti na biyu daga aljihunmu ya fita, a cikin makon nan kuma sai da aka nemi aron babur daga maƙwabta da dare domin wata yarinya 'yar aji ɗaya da ciwon ciki ya kama. Ta warke, amma ba mu manta ba.

Ga yadda ake yi daidai. A fara da zoben mai: mai lanƙwasar tukuna, a tabbata bakunansa sun haɗu ba su hau juna ba, sannan siraran biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Sai na biyu, sai na sama. Ana buɗe su da manyan yatsu biyu daidai yadda za su wuce kan fistin, ba ƙari. Wasu sukan sa siraran gwangwani uku a jikin fistin su zame zoben a kansu. Kusa da tsagar kowane zobe akwai ɗan harafi ko lamba, wannan gefen yana duban sama. Na biyu yana da ɗan gangare a bakinsa wanda ido ba ya gani sosai. In aka kifa shi, maimakon ya kankare mai ƙasa sai ya riƙa tura shi sama, sabon inji ya yi hayaƙi kamar tsoho. Na sama da na biyu kuma ba a musanya su, a duba takardar kwalin. Bayan sun shiga, kowanne ya iya juyawa a raminsa ba tare da cijewa ba. A rarraba tsagoginsu kewaye da fistin, digiri 120 tsakaninsu, kada su yi layi ɗaya, kada kuma wata ta tsaya a saitin fin.

A kan fistin an buga haruffa IN. Wannan gefen yana duban kafireta, watau baya. A shafa mai a fin, a tura shi, a sa sababbin kilif. Tsohon kilif ya riga ya saki, in ya fita inji yana gudu, fin zai huda bango kamar garma. Tsummanmu yana nan a wurinsa har sai kilif na biyu ya zauna a raminsa an ji ƙaransa.

Aka kankare ragowar tsohon gaskit, aka sa sabo, aka mai da 'yan bututun ƙarfen nan masu daidaita zaman silinda. Aka shafa mai a rami da zobba. Mutum biyu suke wannan aiki: ɗaya yana sauko da silinda a hankali, ɗaya yana matse zobba da yatsu ɗaya bayan ɗaya suna shiga ta gangaren da ke gindin ramin. In ta tsaya, zobe ne ya fito, a ɗaga a sake. Ba a bugu. A duba kuma ƙafafun nan biyu masu bin kam sun zauna daidai a kansa kafin silinda ta kai ƙasa.

Sabon gaskit na sama, kan silinda, sannan notuna. Yadda aka kwance su haka ake ɗaure su, kusurwa zuwa kusurwa, a zagaye biyu ko uku. Akwai sifana mai ma'auni wadda take nuna ƙarfin ɗauri, littafin kowane babur kuma ya faɗi adadinsa. Bakaniken ya zo da tasa. Ra'ayin da ake yi cewa noti sai ya yi kuka ya ɗauru shi ne yake tsinke zaren ƙusa. Aka mai da sanduna da roka, aka kawo T a bugun matsi, inda roka biyun duka suke da ɗan wasa, aka saita tafet a milimita 0.08, inji yana sanyi. Ganyen ma'aunin ya wuce da ɗan ja kaɗan.

Tayarwa da renon inji

Ba a zuba sabon mai a kan tsohon datti. A bayan babban murfin tsiyayar mai akwai sifirin da 'yar rariya, muka wanke ta da kananzir. Injin yana cin kusan lita ɗaya, a duba da sandar awo babur yana tsaye a miƙe. Sabon soson iska aka jiƙa shi da mai kaɗan aka matse. Tsohon man kuwa ba a zubar a ƙasa kusa da rijiya ko lambu ba, aka rufe shi a galan.

Kafin a sa fulogi aka buga kik sau da yawa don mai ya zaga. Muka fitar da babur waje, domin hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ya gargaɗi mutum ba. A bugu na uku ya tashi. Ya yi ɗan hayaƙi na mintoci kaɗan, man haɗawa ne yake ƙonewa, sannan salansa ta washe. Bakaniken ya hana kowa taɓa totur, ya kasa kunne, ya leƙa ya tabbata mai yana isa wurin roka, ya duba ko akwai yoyo.

Sababbin zobba ba su gama zama ba sai sun yi tafiya. A kilomita 500 na farko ba gudu mai tsanani, ba lodi, ba kuma barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci, gama iskar tafiya ce take sanyaya shi. Amma lallaɓawa fiye da kima ma ba ta da kyau, domin matsin wuta ne yake tura zobba jikin bango su wasu. A riƙa canja giya, a ƙara wuta a rage, kada a bar shi yana nishi a babbar giya. Bayan wannan a zubar da man, za a ga yana ɗan walƙiya da garin ƙarfe, a sa sabo, a sake duba tafet da notuna.

Mun rubuta lambar kilomita ta ranar a bangon ɗakin aiki da alli, muka ja wa masinja kunne kada buhun masara ya hau bayan babur ɗin sai lambar ta cika. Ya cika ta kafin hutun Ista, ya zo da kansa aka canja mai, ya ce tudun kasuwa ya koma giya ta uku. An buɗe ɗan littafi a ofis inda za a riƙa rubuta ranar canjin mai da ranar wanke soso, shugaban ɗaliban sashen fasaha ne zai riƙa dubawa kowane wata. Tsohon fistin da zoben da muka karya suna cikin kabad na biyu a ɗakin aiki. Wanda yake so ya sa farce ya ji yadda ƙura take cin ƙarfe, ya zo ranar Laraba bayan darasi na ƙarshe.